Kwalin Wayar Tagulla a Hanyar Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi

Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu na fito rungume da kwali. Wata sakandare a Tarauni ce ta kira ni gwajin koyar da Fiziks. Tun da muka taso daga Kafanchan ban sami aiki ba, mijina Bitrus kaɗai ke riƙe da gidan. A kwalin akwai batir, da kamfas mai nuna arewa, da wayar tagulla da na nannaɗe a jikin bututun roba. Maƙwabcinmu Malam Sani ne ya ɗauke ni a adaidaita-sahunsa.

"Maman Ladi, riƙe kayanki da kyau, hanyar akwai ramuka," in ji shi.

Shingen bincike

Kafin mu shiga Tarauni jami'an tsaro suka tare mu. Ɗayansu ya haska kwalin, ya ga waya da batir, ya ja da baya.

"Madam, sauko. Ajiye shi ƙasa a hankali."

Ban ga laifinsa ba, amma na san in aka wuce da ni ofis, aikin ya tafi.

"Yallaɓai, kayan darasi ne. A bar ni in nuna."

Babbansu, wani mai furfura, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Nuna mu gani."

Na tsuguna a gefen titi, na ajiye kamfas a bakin bututun, allurarsa na kallon arewa. Na haɗa wayar da batir. Allurar ta juya, ta fuskanci bututun, ta tsaya cak.

Na ce, "Duk wayar da wuta ke bi, ƙarfin maganaɗisu na zagaye ta. Nannaɗewar ce ke tara shi cikin bututun. Wutar batir kuma ba ta hawa ba ta sauka, shi ya sa allurar ta nutsu."

Na sauya kawunan batir, allurar ta juya baya. Mai furfurar ya tsuguna kusa da ni.

"Sake yi."

Na sake. Ya yi murmushi, ya miƙo mini kwalin da hannunsa. "Allah ba da sa'a, Malama."

Tarauni

Mun isa ɗalibai na sharar tsakar makaranta. A aji na maimaita darasin kamfas ɗin. Wata ɗaliba ta tambaya ko wutar gida ma za ta juya allurar. Na ce mata ita wannan kai-komo take yi da sauri, allura ba ta iya bin ta. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai ƙarancin magana, ta raka ni har ƙofa.

"Ki fara ranar Litinin."

Gida

Na tarar da Bitrus zaune a ƙofa, ya kasa tafiya aiki. Ya dubi fuskata, ya sauke ajiyar zuciya. Mun gode wa Allah, mun gode wa Malam Sani da ya jira ni har na fito.