Na Yi wa Kaina Tafi a Magariya

Wayyo 'yan uwa, yau an kira sunana a gaban jama'a ban amsa ba!

Kun san ina zuwa karatun yamma in na gama shara a asibitin Waca, don in ci jarabawar birebe, ta kammala ƙaramar sakandare, in shiga makarantar ungozoma. Tare muka zana da ɗiyata Sadiya. Yau aka karanta sakamako a Magariya. Rakiya kawai na je, lissafi ya sa na fid da rai.

Mushe, wato malamin makaranta, ya ɗauki lasifika yana ta kiran sunayen waɗanda suka ci. Sai na ji "Rabi Idi!" Na ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Har tafi na yi mata! Ai tun da na haihu, Maman Sadiya kowa yake ce mini.

Sadiya ta girgiza ni. "Inna, ke ce fa!"

Na ce, "Ni wa?"

Sai guɗa! Ban gama ɗaura kallabina ba aka kira sunan Sadiya ita ma!

Na buga wa maigida. Ya ce, "Wa ta ci a cikinku?"

Na ce, "Mu duka!"

Ya ce, "To Madam, zakara ɗaya ba zai isa ba."