Baba Famau da Kwalekwalen Yaran Shela

Shekara talatin da ɗaya ke nan, da an idar da sallar asuba, Baba Famau Lali yakan sauko bakin ruwa a Shela riƙe da butar gahawarsa, ya tsaya ya dubi tsibirin Manda ya ga yadda iska ta kwana. Daga nan ya bi ƙananan kwalekwalen yara guda shida ɗaya bayan ɗaya, yana jan igiya, yana ƙwanƙwasa katako, yana duba ɗinkin filafilai, wato ƙyallayen da ke kama iska. Rigunan kariya masu hana nutsewa su ne na ƙarshe. Wadda maɗaurinta ya tsinke ya ware ta gefe. Kafin yaran da yake koya wa tuƙi su iso, ya gama. A ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi alherinsa yana raye, kunnensa na ji.

Shi ba wanda ya koya masa. A zamaninsu, tsohon kwalekwalen da masunta suka yar, da buhunan gari da aka ɗinke aka yi filafili, sun isa. Su tsallaka zuwa Manda da safe, su sha kwakwa, su dawo yamma lis da gishiri bushe a jiki. Uwa ba ta tambayar inda aka je, sai dai ta ce a wanke ƙafa kafin a hau mata tabarma. Har yau in yana ba da labarin, fuskarsa takan saki, ya ce bai sake samun daɗi irin wancan ba.

Bayan ya fara koyar da yara, sai hukuma ta kawo doka: yaro ba zai hau ruwa ba sai da rigar kariya, da amincewar iyaye a rubuce, da kwalekwale mai inji a bayansa, kuma kada ya wuce jar tutar da aka kafa kusa da gaɓa. Wasu masu koyarwa suka ce ba za su iya ba, suka watse. Baba Famau ma dokar ba ta yi masa daɗi ba. Ya ce rigar zafi gare ta, tutar kuma ko agwagwa sai ta raina. Sau uku yana zuwa ofis yana gardama har aka matsar da ita can tsakiyar mashigi. Amma bai taɓa barin yaro ya taka ruwa ba riga ba.

Abokinsa na ƙuruciya, Bwanaheri, ya mayar da shi abin tsokana a wurin shan gahawa.

"Famau, ka mayar da jikokin masunta 'yan tsana," in ji shi. "Mu wa ya ɗaura mana katifa a ƙirji?"

"Mu bakwai muke tsallakawa, ɗan'uwa," Baba Famau ya ce. "Shida muka girma. Ko ka manta da Shee?"

Shee ɗan ƙanin mahaifin Baba Famau ne. Yana da shekara goma sha ɗaya kwalekwalensu ya kife a mashigin, sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa. Bwanaheri bai ƙara tayar da zancen ba, har ma shi ya kawo jikansa wata Asabar.

Kai ne, Baba, ka ƙara wa dokar abin da ba a rubuta ba. Darasinka na farko shi ne kifewa. Sai yaro ya juyar da kwalekwalensa da gangan, ya tayar da shi da kansa, sau goma, kafin ka ba shi igiyar filafili. Kana cewa riga tana hana nutsewa, amma ba ta koya wa mutum komai.

Mutanen gaɓa sun ga amfanin haka a wata damina ta kusi, wato iskar kudu mai ƙarfi. Somoe 'yar Kombo mai gyaran taru, tana da shekara goma sha biyu, iska ta kifar da ita dab da tutar. Mahaifinta na tsaye a bakin ruwa yana kallo. Baba Famau ya isa wurinta da mai inji, ya duba ya ga rigar ta riƙe ta, kanta a sama, sai ya kashe injin ya zauna.

"'Yata, kin san abin yi," ya ce mata. "Ina nan."

Ta gwada, kwalekwalen ya koma ya kife. Ta sake, ta sha ruwa. A na uku ya miƙe, ta hau, ta kwashe ruwan ciki, ta tuƙo da kanta har gaɓa. Kombo ya yi wata biyu ba ya gaishe shi, yana cewa tsohon ya zauna yana kallon 'yarsa kamar ana wasa. Yarinyar ce ta ƙi daina zuwa. Yau shekarunta ashirin da shida, kuma ita za ta karɓi aikin.

Na tambaye shi abin da zai yi in ya huta. Ya ce zai tsallaka zuwa Manda shi kaɗai, ba inji, ba usur na kiran yara, kamar da. Somoe na gefe tana naɗe igiya, ta ce sai dai da riga, Baba. Ya yi tsaki, ya ce ya ji.

Mun gode, Famau ɗan Lali, uban 'yan ruwa. Yara sama da ɗari huɗu suka bi ta hannunka, kuma duk wadda ta ba ka ɗanta da safe ta karɓe shi da yamma. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya saka maka da mafi alheri. Ku kuma manya da ke zaune kuna kewar zamaninku, kewa ba ta koya wa yaro tuƙi. Ku sauko bakin ruwa ranar Asabar, Somoe na neman hannu.