Yaya Agogo Ta Bar Bayan Labule

Ranar Alhamis, goma sha bakwai ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran manajar dandamalinmu, wadda kowa a ƙungiyar wasan kwaikwayonmu ke kira Yaya Agogo. Ta cika bayan jinyar kwana biyu a asibitin wani gari da ba nata ba, muna tsakiyar zagayen nuna wasa. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ta bar duniya tana da shekara arba'in da tara, ta bar miji da 'ya'ya uku da mahaifiya.

Ni ne mai kula da fitilun ƙungiyar. Shekara goma sha ɗaya muryarki na cikin kunnena, Yaya, kina gaya mini lokacin da zan kunna da lokacin da zan kashe. Na san ta'aziyya ba wurin ƙorafi ba ce. Sau uku ina fara wannan rubutu da tattausan lafazi ina yagewa, domin gaskiyar magana raina a ɓace yake. Ina fushi da Darakta, ina fushi da ke, na fi fushi da kaina.

Ranar da na fara aiki, sau uku kika sa na warware wayar lantarki na sake naɗewa. Na ce a raina wannan mata fitina ce. A gari na gaba, da muka sauke kaya saura awa biyu a buɗe ƙofa, na jawo wayar ta warware ba ƙulli ko ɗaya, kika dube ni kika wuce. Haka kike koyarwa. Agogo biyu kike ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu, wai don kada ɗaya ya yi miki ƙarya. Daga nan sunan ya samo asali, kuma ba ki taɓa nuna ya dame ki ba.

Ba mu taɓa samun ɗakin wasa biyu masu kama da juna ba. Yau zauren makaranta mai rufin kwano, gobe ɗakin taron ma'aikata mai soket ɗaya tak, jibi wani tsohon silima da tattabaru suka mayar gida. Ke ce ta farko da ke dira daga babbar mota da tef ɗin awo a wuya. Na tuna zauren da ƙofarsa ta ƙi ɗaukar bangon katakonmu. Kafinta ya dafe kai, direba ya ce a koma, Darakta yana gidan rediyo yana ba da labarin basirarsa. Kika auna ƙofar, kika auna bangon, kika ja layi da alli kika ce wa kafinta, “Raba shi biyu a nan, ka sa masa hinji.” Aka buɗe labule a kan lokaci. Da aka tashi, Darakta ya shaida wa baƙi cewa bango mai naɗewa tunaninsa ne tun farko. Kina tsaye a bayansa kina tattara kofuna. Na cika na batse, ke kuwa kika miƙo mini tsintsiya.

Alherinki a kaina ba zai lissafu ba, amma akwai ɗaya da iyalina ba za su manta ba. Muna garin da ke nisan tafiyar awa shida daga gida aka bugo mini waya cewa matata na naƙuda, kuma abin ya zo da gardama. Saura awa uku a fara wasa. Na tsaya riƙe da waya, na rasa abin yi. Kika karɓi jakata da kanki kika kai ni tasha.

Na ce, “Yaya, wa zai riƙe fitilu?”

Kika ce, “Kai dai shiga mota. Shekara shida ina kallon hannunka, ka ɗauka barci nake yi?”

Ranar kin ja fitilu da hannu ɗaya, kina juya shafin littafinki da ɗayan, kina kuma kiran 'yan wasa su shiga. Na iske matata da rai, na iske ɗiyata da rai. Da na dawo ina godiya, abin da kika ce kawai shi ne maɓalli na huɗu yana da tauri, in sa masa mai.

To, ga inda bakin cikina yake. Tun bara ƙafafunki suka fara kumbura. Kina cire takalmi a bayan labule ki yi wasan gaba ɗaya a tsaye da ƙafa tsirara. Likita ya ce jininki ya hau, ya ba ki ranar komawa. Sau huɗu kina ɗage ranar, domin kowace ta faɗo a kan ranar tafiya. Sau uku, a gabana, kin roƙi Darakta ya ɗauko wanda zai riƙa karɓar ki. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Yaya, ai ke ɗaya kin fi goma. Bari mu gama wannan zagayen.” Zagaye kuwa ba ya ƙarewa. Kafin a sauke kayan wannan an tsara na gaba.

Wata rana a mota, da rana tsaka, na ga kin dafe ƙeya kin rufe ido. Na ce, “Yaya, don Allah ki sauka a gari na gaba ki ga likita.”

Kika ce, “In na sauka wa zai ce a buɗe labule? Kai?”

Na yi dariya. Wannan dariyar ce ke ci na har yau. Na yi ta ne domin a can cikin zuciyata na ji sanyi da ba za ki sauka ba. Na san in ba ke, ranar sai mun kunyata. Mu duka haka muke. Tela na so ki zauna don ke kaɗai kika san rigar da ke bin wace. Babban ɗan wasanmu na so ki zauna don ke ke raɗa masa layi in ya manta. Kowa na cewa “Sannu, Yaya,” babu wanda ya ce “Kawo in riƙe miki.” Ke ma kina da naki laifin, ki gafarce ni. Ba ki yarda hannun kowa ya kai naki ba. Littafin nan naki mai jan bango, wanda kowane motsi na wasan ke ciki, kin rubuta shi da alamomin da ke kaɗai ke ganewa.

Ranar Talata da safe muna loda kaya, kika zauna a kan akwatin tufafi. Ban taɓa ganin kin zauna ana lodi ba. Kika ce kanki na sara, kika miƙo mini takardar jerin kaya, sai maganarki ta fara harɗewa. A gaban babbar motar muka kai ki asibiti, kanki a kafaɗar tela. Ba ki ƙara magana ba.

Darakta ya ce wasan Laraba ba zai fasu ba, an riga an sanar da jama'a. Muka bar tela a wurinki muka tafi, kuma ban ce a'a ba. Na buɗe littafinki na ga kibiyoyi da taurari da ɗigo-ɗigo, na kasa karanta ko shafi ɗaya. Aka buga ƙarar waya bayan ɗan wasa ya riga ya ɗauka yana magana. Aka manta wasiƙar da ake karantawa a fitowa ta biyu, jarumarmu ta tsaya tana lalube a teburin da babu komai. A wurin da mutane suka saba share hawaye, ranar dariya suka yi har da buga kujera. Washegari kafin azahar tela ta bugo waya tana kuka.

Sanarwar da Darakta ya fitar layi biyu ce. Ya kira ki “ɗaya daga cikin masu taimakawa a bayan fage.” Shekara goma sha tara kina wannan aiki, Yaya. Na karanta na ajiye wayar.

Da muka je gaisuwa, babbar 'yarki, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a, ta ja ni gefe. Ta ce, “Kawu, masu zuwa gaisuwa suna ta tambayata a wane wasa Mama ta fito. Ni kuma ban taɓa ganin ta a kan dandamali ba. Takamaimai me take yi ne da ya hana ta zama da mu?” Dalilin wannan rubutun ke nan. Ke ɗiyar Yaya, duk fitilar da ta kama a lokacinta, duk ƙofar da ta buɗe, duk ɗan wasan da ya shigo da rigar da ta dace yana riƙe da abin da ya dace, mahaifiyarki ce ta ce “yanzu.” Duk tafin da aka taɓa yi mana, tana da kaso mafi girma a ciki, kuma ba ta taɓa fitowa ta karɓa ba.

Bayan mako guda Darakta ya kira mu lodi. Ni da kafinta da tela da direba muka zauna a bakin sito muka ce ba za mu ɗaga ko ƙusa ba sai an ɗauki masu riƙe aikinki, kuma sai an sa ranar hutu a kowane zagaye. Mun shirya wa doguwar rigima. Ko minti goma bai yi ba ya amince. Ya ɗauki mutum uku. Uku, Yaya! Ashe abin bai fi ƙarfinsa ba. Ashe da mun zauna a bakin siton nan bara, da kin samu ranar ganin likita. Na yarda kwananki ne ya ƙare, ba wanda zai ƙara miki ko daƙiƙa. Amma hutun da muka hana ki kina da rai, wannan namu ne, kuma mu za mu amsa tambayarsa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maka a gajiye. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara, Ka sa ɗawainiyar da ta yi da mu ta zama nauyi a mizaninta, Ka ba ta Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da 'yan uwanta, da Inna mahaifiyarta, wadda ta riƙe hannuna ranar gaisuwa tana yi mana godiya wai mun kula da 'yarta. Inna, ba mu kula da ita yadda ya kamata ba. Ki yafe mana. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ta bari, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.