Hanyar Wayar Raudatu

Yayana Badaru mutum ne mai magana ɗaya, kuma wannan halin nasa ya kusa sa min hawan jini. Tun rasuwar mahaifinmu muke noma gandu ɗaya a ƙauyenmu, can gabas da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, da damina ko wurin ɗaure akuya sai ka nema. Shi ne babba, shi ke yanke magana. In ya ce gyaɗa za a shuka a nan, to ko sama da ƙasa za su haɗe gyaɗa za a shuka.

Bai yi boko ba, amma ya tsaya kai da fata sai da 'yarsa Raudatu ta yi. Daga makarantar sakandare a Bici ta wuce jami'a a Kano, daga nan aka ɗauke ta zuwa ƙasar waje karatun kimiyya. Wata rana ta bugo masa, ya tambaye ta wai me take yi ne a can. Ta ce suna neman wani abu ne da wutar lantarki za ta bi ta cikinsa ba tare da ko kaɗan ta salwanta a hanya ba. Mu kuwa turakun wuta a bakin titi suka tsaya tun muna samari. Shi ke nan, Yaya ya ji abin da yake son ji.

Ranar Juma'a, ana idar da salla, ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa 'yarsa za ta kawo wa gari wayar lantarki, kuma ta gonarsa za ta bi. Da damina ta faɗi ya ja layi ta tsakiyar gandunmu, daidai inda muka fi zuba taki, ya ce kada garma ta taɓa wurin.

Na ce, "Yaya, ka bari mu sa ko wake ne, in wayar ta zo mu tuge."

Ya ce, "Na riga na faɗa a masallaci."

Damina ta bi damina. Abin da ya fi ƙona min rai, ba banzatar da wurin ya yi ba. Nome shi yake yi tas, ba tsinke ɗaya, mu da muka yi shuka muna fama da ciyawa, shi yana yi wa ƙasa tsirara hidima. Maƙwabta suka nemi aro, ya hana. Matarsa ta roƙi ɗan gefe ta sa kuɓewa, ya hana. Ranar kasuwa kuwa sai ka ji an ce, "Malam Badaru, an kunna?" Shi ko a jikinsa, ni ne mai shan takaici.

Da Raudatu ta zo Babbar Salla na tare ta tun a zaure. Ta ce, "Wallahi Baffa, na sha yi masa bayani."

Na ce, "To yau ki yi masa da Hausar da zai ji."

Da la'asar ta same shi a gindin darbejiya, ta durƙusa, ta ɗora masa ƙwayar gero a tafin hannu.

"Baba, abin da muke haɗawa bai kai wannan ba, ko kusa. Ƙarfe ne da wata iska, haidurojin, muke matsewa tsakanin lu'ulu'u biyu, matsi irin na can cikin ƙasa. Sai kuma mun sanyaya shi fiye da ƙanƙara kafin wuta ta bi shi haka. Da mun sassauta, ya lalace."

Ya daɗe yana kallon ƙwayar. "To yaushe zai zama waya?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila ba a zamaninmu ba."

Juma'ar da ta biyo ya sake miƙewa a masallaci. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ya ce babu wayar da za ta zo, kuma kuskuren nasa ne, yarinya ba ta taɓa yi masa alkawari ba. Da ruwa ya sauka ya miƙo min iri ya ce, "Je ka shuka abinka."

Na shuka. Geron da wurin ya yi ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ko kusa ban ji daɗinsa ba, don tun daga lokacin Yaya ya daina bi ta wannan gefen. Sai ya zagaya ta gonar mutane. Mutumin da ya hana ni sakat da taurin kai ya koma sai abin da na ce, wannan kuma ya fi komai ba ni haushi.

Bana da na zo huɗa na bar ɗan siririn wuri a tsakiya, iya faɗin sawun mutum, daga titi har bayan gari. Ban gaya wa kowa ba. Jiya da safe na iske an nome shi tas.