Mukullin da Malam Ya Danƙa Mini

Ni ban taɓa yarda da abin kyauta ba. Shi ya sa da maƙwabcina a Gyaɗi-Gyaɗi ya ja ni ajin koyon karatu na manya a wata firamare ta Tarauni, ina shiga na fara neman inda tarkon yake. Lokacin ina tuƙin adaidaita sahu, ga mata ga 'ya'ya, amma in saƙo ya shigo wayata sai na miƙa wa wani ya karanta mini. Sirrina kaf yana bakin 'yan tasha. Takaicin da ya kai ni ke nan.

Malaminmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, siriri, ba ya yawan magana, kuma ba ya karɓar ko sisi. Na ce a raina, bari zaɓe ya matso, zai ce mu kawo katunanmu. Bai ce ba. Dokokinsa ma ƙara mini zargi suka yi. Ba a yi wa wanda ya yi kuskure dariya. Wanda ya makara ya shigo ya zauna, ba a tambayarsa dalili. Wani Alhaji mai shago a Unguwa Uku benci ɗaya yake zama da lebura. Haka kawai mutum zai yi wannan kirkin?

Karatu ya ƙi ni. A allo ina gane haruffa, in na koma gida su watse. Ga shi bayan la'asar ake shiga, Asabar da Lahadi, daidai lokacin da fasinja ke cika titi. Na fara fashi, har na yanke shawarar bari gaba ɗaya. Ranar da na je da niyyar ita ce ta ƙarshe, aka tashi, Malam ya tsayar da ni ya sa mini mukulli a tafin hannu.

"Daga yau kai za ka riƙa buɗe mana aji."

"Ni kuma, Malam? Ga Alhaji nan."

"Kai na ba wa."

"In ban zo ba fa?"

"Sai mu jira ka."

Na tafi ina tafasa. Da farko na ɗauka so yake in fanka ko benci ya ɓace a ce ni ne. Daga baya na ce a'a, wayon da ake yi wa yara ne, yana da wani mukullin a aljihu. Ni da furfura ta fara fito mini za a yi wa dabara? Na yi ta buɗe ajin ina harararsa, har na ƙudura sai na kama shi.

Wata Asabar cikin zafin bazara na faka a bayan wani kanti, tsallaken titi, inda nake hango ƙofar ajin. Mutane suka taru. Malam ya iso a tsohon babur ɗinsa, ya dubi kwaɗon, ya dubi hanya. Ya sa hannu a aljihu. Na ce yauwa! Sai ya zaro hankici ya share fuska.

Ranar kuwa ba ta yi sanyi ba, kuma barandar ba inuwa. Wani dattijo maigadi da ke fama da ciwon gwiwa ya zauna a ƙasa. Na ga wani ya ɗauko dutse yana nuna kwaɗon, Malam ya girgiza kai. Ba wanda ya tafi. Na yi ta jiran hannun nan ya koma aljihu, bai koma ba. Ni ne na kasa jurewa, na tayar da adaidaitar na tsallaka.

"Ka iso? Buɗe mana," in ji Malam.

Alhaji ya watsa mini harara, amma doka ta rufe masa baki. Da zagina aka yi da na fi samun sauƙi.

Ban sake fashi ba. Da karatuna ya zauna, Malam ya karɓi mukullin ya ba wani birkila da ya fara ɗauke ƙafa.

Har yau ina zargin akwai wani mukullin a ƙarƙashin hankicin nan. Ban taɓa tambayarsa ba, don ina tsoron ya ce e. In akwai, to da gangan ya tsayar da dattawa a rana don kada ni kaɗai in tafi, kuma ban san da me zan saka masa ba.