Otal Ɗin Karnuka

Fiye da shekara guda 'yata ta yi a sabon gidanta na unguwar Perry Barr da ke Birmingham ba ta bar ni na taka ƙofarsa ba. Ita kaɗai Allah Ya ba ni. A nan Manchester na haife ta, kuma tun rasuwar mahaifinta mu biyu muke fama a unguwar Levenshulme, har ta gama karatun jinya ta sami aiki a wani asibiti a Birmingham. Da farko duk ƙarshen mako tana gida. Sannu a hankali abin ya koma wata-wata. In na ce zan hau jirgin ƙasa in zo, sai ta ce aiki ya yi mata yawa, ko ana gyaran famfo, ko ita ce ma za ta zo. Famfon nan ya sha gyara! Ni kuwa ba yarinya ba ce, na san akwai abin da ake ɓoye mini, kuma zuciyata namiji ta fi raya mini.

Shi ya sa da ta kira ta ce ta kama mana masauki na kwana biyu a wani otal cikin daji, can wajen iyakar Wales, a bakin wani kogi, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan ritsa ta inda babu asibiti babu famfo. Na yi dambun nama, na soya cincin, na ɗauko butata da dardumata, ta zo da motarta ta ɗauke ni.

Ba zan yi wa wurin ƙarya ba, ya haɗu. Ɗakunan katako ne warwatse cikin dogayen bishiyoyi, ga ɗakin cin abinci, ga wurin tausa, ga ma'aikata sai murmushi suke kamar an yi musu albishir. Na dai tsokane ta na ce mu da muka gudo daga daji, yau ga shi an kawo mu daji a mota. Ta yi dariya sama-sama.

A teburin karɓar baƙi na ga wata kwalba cike da biskit. Yunwar hanya na cina, na miƙa hannu na ɗauki ɗaya. Saura ƙiris in kai baki 'yata ta cafke hannuna.

"Umma, na karnuka ne."

Na dubi abin da kyau, ashe siffar ƙashi gare shi. Na yar, na shiga goge yatsuna da gefen hijabi. Sai a lokacin idona ya buɗe. Innalillahi! Kare a kan kujera, kare a ƙarƙashin tebur, wani a rungume a ƙirjin wata mata an sa masa rigar sanyi. Kusan duk wanda ya shigo da igiya a hannunsa.

Ɗakinmu kuwa, ana buɗe ƙofa wani ƙarni ya tarye ni, irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti. An fesa turare a kai, abin ya ƙara muni. Na shafa bargon kujera, gashi ya biyo tafin hannuna. A lungu ga kwano biyu a ƙasa, ga tawul an ninke da hoton dagin kare a jiki. Wato har tawul ɗinsa daban, ran sarki ya daɗe. Na nemi tsintsiya babu. Sai da na shimfiɗa zani biyu kafin na ɗora darduma, kuma duk da haka na yi sujada ina ɗauke numfashi.

A baranda akwai wani ƙaton kwarami na ruwan zafi yana ta ɓulɓula. 'Yata ta ce in shiga, yana maganin ciwon gwiwa. Na ce gwiwar ta daɗe ba ta yi ciwo ba. Ruwan da ban san ƙato nawa suka jiƙa dauɗarsu a ciki ba, wa ya sani ma ko har da masu ƙafa huɗu?

Da yamma muka je cin abinci. Na ce a ba ni kifi, don shi ne ba ya buƙatar tambaya. A teburin da ke kusa da mu wani tsohon Bature ne da matarsa, mutane masu kamala in ka gan su, da wani dogon kare mai zubar da yawu. Ina cikin ci sai na ga tsohon ya sauke farantinsa ƙasa. Karen ya sa harshe ya lashe shi tas, har yana tura shi da hanci. Ma'aikaciyar ta zo tana murmushi, ta ɗauki farantin nan, ta ɗora shi a kan sauran. Farare ne duka, iri ɗaya da wanda ke gabana.

Na ajiye cokali.

"Kin gani ko? Kin ga abin da kika kawo ni in gani?"

"Ana wanke su da inji, Umma. Da tafasasshen ruwa."

"Ko da ruwan zamzam ne! Wannan ai ƙazanta ce da rashin mafaɗi. Mutum da hankalinsa ya ajiye wannan abin a ɗakin da yake kwana? Mala'iku ma sun sallama shi."

"Wasu suna da dalili," ta faɗa a hankali.

"Dalilin me? Rashin dangi ne kawai. Sun kori 'ya'yansu sun rungumi dabba."

Ta sunkuyar da kai tana yayyaga takardar goge baki ƙanana-ƙanana. Ni kuma na koma ɗaki na ci dambuna da cincin, raina a ɓace, don tambayar da na zo da ita ko hanyar farawa ban samu ba.

Washegari da hantsi ta ce mu je mu ga kwazazzabon da mutane ke zuwa dominsa. Muka bi wata siririyar hanya cikin bishiyoyi, ƙasa duk laka. A nan na ga abin da har gobe ban warke ba. Wani magidanci, da gemunsa da furfurarsa, ya tsaya yana jiran karensa ya gama kashi. Da ya gama, sai ya sa hannu cikin 'yar baƙar leda, ya durƙusa, ya damƙo abin da ɗuminsa, ya ƙulle, ya ci gaba da tafiya yana lilo da shi kamar ya sayo ƙosai. Gaba kaɗan kuma ga irin ledojin nan an rataye a reshe, masu su sun ce sa dawo. Na tofar da yawu har bakina ya bushe.

Da muka isa, sai ƙasa ta yanke a gabanmu. Dutse ya tsage gida biyu, can ƙasa kogi yana kumfa yana ruri, tsuntsaye na shawagi a ƙasa da ƙafafunmu. Na ce tabarakallah, kuma da gaske nake. Na riƙe ƙarfen da aka gitta, na gyara murya, na ce yanzu zan tambaye ta ko wane ne namijin da take ɓoye mini.

Ban kai ga buɗe baki ba wani kare ya ɓullo daga daji, jikinsa sharkaf da laka. Ya tsaya a gabana ya girgije, ya fesa mini ruwan jikinsa, sannan ya cusa hancinsa mai sanyi cikin hijabina. Na ƙwalla ƙara ina a'uzu billahi. Ita kuwa 'yata, wadda tana ƙarama ko kyanwa ta gani sai ta haye bayana, sai ta tsuguna ta kamo wuyansa. Ta sosa masa bayan kunne, ta yi masa wata magana ƙasa-ƙasa, ya zauna ɗaram. Ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta don ta ba shi wani abu. Hannun na fitowa, wani ƙullin baƙaƙen ledoji ya biyo shi ya faɗo, ya warware a kan laka.

Na dubi ledojin. Na dube ta. Mai karen ya zo yana ba da haƙuri, ya ja abinsa ya tafi, ba wadda ta kula shi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun sanyin bara."

Hausarta ba ta da ƙarfi, in magana ta yi nauyi Turanci take komawa, amma ranar ta daure. Ta ce akwai lokacin da mutuwa ta yi yawa a ɗakin asibitin da take aiki, har wata safiya ta kasa tashi daga gado. Likita ya ba ta hutu. Ta yi makonni labule a rufe, ba wanka, ba girki, in na kira ta gyara murya ta ce tana wurin aiki. Sai wata abokiyar aikinta da za ta yi tafiya ta bar mata karenta. Shi kuwa ba ya jin uzuri. Gari na wayewa zai yi ta kuka yana jan bargo har sai ta tashi ta fita da shi. Da haka ta koma fita, ta koma cin abinci, ta koma aiki. Da matar ta dawo ta ga yadda suke, sai ta bar mata shi.

"Ina raye, a Manchester, kika kwanta haka ba ki gaya mini ba?"

"Umma, in na gaya miki ciwon, sai na gaya miki maganin." Ta share hanci da bayan hannu. "Na kawo ki nan ne ki ga mutanen kirki ma suna zama da su. Na ɗauka za ki ga ba wani abu ba ne."

"To ai na gani," na ce.

Ta yi wata dariya da ta ƙare da kuka. Ni ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni. Haushin wannan ƙazamar dabba da ta san 'yata ba ta da lafiya alhali ni ina can ina zargin namiji. Ƙyamar kuma ba ta ragu ba ko da ƙwayar zarra, kada wani ya ce na ce.

Ba mu ƙarasa kwana na biyun ba. Muka tattara kaya bayan azahar. Da muka fito babban titi ta kunna sigina za ta ɗauki hanyar Manchester, na ce ta mayar da ita ɗaya hannun, mu nufi Birmingham.

Maƙwabciyarta ce ke riƙe da karen. 'Yata ta karɓo shi, ta buɗe gida ta shiga, ni ina tsaye a waje da jakata. Wani ɗan guntu ne ja, kunne ɗaya a karye, ko kyan gani babu. Ya yi ta tsalle yana lasar haɓarta. Ta riƙe wuyansa gam, ta ɗago tana dubana.

Ƙarnin ya doke ni tun daga bakin ƙofa, amai ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi, na tattare zanina sama, na ce ta matsa mini in wuce.