Fitilar da Ba'indiya ta ƙi karɓa

Bayan rasuwar matata, 'yan'uwa suka dame ni da waya in tattara in koma Katsina. Me ya rage maka a Fatakwal? Ɗana ɗaya ne, a nan aka haife shi, ya bi jiragen ruwa neman aiki, tun daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Bai san Katsina ba. Ɗakina kaɗai ya sani.

Lokacin ina kai kayan miya gidajen ma'aikatan masana'antu a Trans-Amadi. Cikin masu sayena akwai wata dattijuwa Ba'indiya mai shegen zaɓe, kowace kuɓewa sai ta karya bakinta kafin ta yarda. Mijinta a wurin aiki yake wuni, 'ya'yanta suna wata ƙasa.

Wata rana na isa gidanta dab da magariba, an ɗauke wuta a layin. Na tarar da ita durƙushe a ƙofa tana jera 'yan kasake, kowanne da mai da lagwanin auduga, aci-bal-bal ɗin kakata sak. Tausayi ya kama ni. Gida kamar wannan, a ce janareto ya lalace har tsohuwa ta koma haka? Na zaro fitilar cajina daga jakar babur na miƙa mata.

Dariya ta yi har da riƙe ciki. Da gurgun Turancinmu ta fahimtar da ni janareto lafiya lau yake, bikinsu ne na shekara. Ta ce wani sarkinsu ne ya daɗe a daji, daren da zai dawo babu farin wata, sai mutanen gari suka jera fitilu don ya gane gida. Ta dafa ƙirji ta ce har duhun nan ma suna korewa.

"To ke wa kike jira, Madam?" na tambaye ta.

"Ba kowa. 'Ya'yana ba za su zo ba," ta ce. "Amma ba a barin ƙofa cikin duhu."

Ta mayar mini da fitilata, ta haɗa ni da alewar madara. A hanya na tsaya na yi magariba a masallacin mahauta. Addininta daban, nawa daban, ban kuma taɓa kunna wa kowa mai a kasko ba. Amma da na isa gida na ga lungunmu baƙi ƙirin, sai ɗana ya faɗo mini a rai. Ƙwan lantarkin ƙofata ya daɗe da mutuwa, ban damu in sauya ba.

Na buga ƙusa a saman ƙofa na rataye fitilar. Washegari yayana ya kira, na ce masa ba zan taho ba.

Yanzu fitila ta uku ke nan a ƙusar. Maƙwabta sun ɗauka don ɓarayi nake kunnawa, ban gyara musu ba.